Situdiyo a baranda

Mai sayar da atamfa da shadda a WhatsApp ba ta neman situdiyo. Farin zanin gado, ƙusa biyu a bango da wayar Tecno sun wadatar. Fitilarta rana ce, tunda ita NEPA ba ta ɗaukewa, shi ya sa ake ɗaukar hoto da hantsi a inuwar baranda.

Shadda ce mai gardama. Ƙyallin nan da aka zuba kuɗi saboda shi a Kantin Kwari, musamman na Getzner 'yar Ostiriya, shi ke maido da hasken filasha, sai yadi mai tsada ya fito kamar ledar burodi. Kyamarar waya kuma tana gyara launi yadda ta ga dama. Ruwan toka ya koma shuɗi, mai saye a Zariya ta buɗe ƙunshi ta bugo waya tana rantsuwa ba wannan ta zaɓa ba.

Sai wanda zai sa kayan. A 2021 Hisbar Kano ta hana tallan tufafi da mutum-mutumi mai kai. Wasu suka cire wa nasu kan, wasu suka ɗora aikin kan ƙanwa, a yanke hotonta daga wuya, a sallame ta da kuɗin data.