Ni da Bilenda a Gidan Surukai

Duk gidan da ka shiga a Karaye akwai macen da ta iya abin sha. Wata zoɓo ne gwanintarta, wata kunun zaƙi, wata kuma in ta dama maka fura da kindirmo sai ka yafe wa wanda kake bi bashi. Mu maza namu sha ne da hamdala. Ba a taɓa neman shawararmu ba, kuma a haka ake zaune lafiya, har ranar da Allah Ya haɗa ni da wayar da ke buɗe TikTok.

A can na ga wasu samari, maza irina, da gemunsu da komai, suna jefa ayaba da mangwaro da madara a cikin wani tulun gilashi, su danna maɓalli, kafin ka ce kwabo abu ya zama sumul. Simuti suke ce masa. Ni kuwa malamin makaranta ne, kuma babu abin da ke damun malamin makaranta irin ya ga ci gaba ya wuce garinsu bai tsaya ba. Albashi na shigowa na hau mota ta Gwarzo sai Kano. Na sayi bilenda, mai shagon na rantse mini cewa ko dutse aka ba ta za ta niƙe. Na biya ta 'Yan Lemo a Na'ibawa na ciko buhu da abarba da ayaba, na dawo gida ina jin kaina.

Uwargida ta zagaya kwalin, ta leƙa ciki.

"Malam, wannan kuma fitila ce?"

"Injin markaɗe ne na zamani."

"To, Allah Ya sa alheri. Da wace wutar?"

Ban amsa ba, don tambayar ba ta ilimi ba ce. Gaskiya ne wuta a unguwarmu ba ta da ranar zuwa. Takan leƙo ne da tsakar dare, ta ga kowa na barci, ta koma. Amma ai mai haƙuri yakan dafa dutse.

Da zoɓo na fara. Na daɗe ina ganin ɓarna a yadda mata ke yinsa: a tafasa, a tace, a zubar da furen a bola. Furen nan fa shi ne ake lodawa a manyan motoci daga kasuwar Dawanau, a kai tashar jirgin ruwa, mutanen Meziko su biya da dala su saya. Na ce ni zan markaɗe shi gaba ɗaya, kada a yi asarar ko ƙwaya. Ranar wata Juma'a da hantsi, na riga na yi wanka na sa farar shaddata, uwargida ta sauke tukunyar zoɓo ke nan yana tururi, sai ga fanka ta motsa. An kawo wuta! Wanda ya san halinta ba ya tsayawa jiran abu ya huce. Na kwarara zoɓon da zafinsa, na danne murfi, na danna maɓalli.

Ashe abu mai zafi in aka rufe shi aka kaɗa, tururinsa hanya yake nema. Murfin ya yi sama, zoɓo ya bi shi. Silin ya samu rabonsa, bango ya samu, kayan makarantar Auta da ke rataye suka samu, sauran kuma ya sauka a ƙirjina. Maƙwabciyarmu da ta shigo aron rariya tana ganina ta saki salati ta juya da gudu, wai an yanka Malam. Kafin in fito in yi bayani har an fara taruwa a ƙofar gida.

Na tuɓe rigar na hau ta da sabulu. Jan ya tafi kuwa, amma ba fita ya yi ba, rikiɗa ya yi ya koma wani shuɗi-shuɗi mai duhu. Uwargida na gefe tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ai zoɓo ba ya shiri da sabulu. Ba ka ganin in muka jefa 'yar kanwa don kashe tsami yadda yake yin baƙi?" Da tsohuwar jallabiya na je masallaci. Har gobe ina nan a kan cewa murfin ne ba su yi shi da kyau ba.

Ana nan sai aka aiko daga Rogo, garin su uwargida, cewa ƙaninta ya sauke Alƙur'ani, za a yi walima. Aka raba hidima: wani shinkafa, wani rago, wani kujeru da rumfa. Ni da bakina, ba wanda ya tambaye ni, na ce a bar mini abin sha.

Uwargida ta ce, "Malam, ka bari mu yi zoɓo da lamurje a can, kamar yadda aka saba."

Na ce "yadda aka saba" ɗin nan shi ya hana mu ci gaba. Na yi mata bayani cewa kunun aya da take gani, a Sifen akwai wani birni Balensiya da suka mai da shi abin alfahari, har shaguna na musamman suke buɗe masa, kuma ayar ma wani ɓangarenta daga nan Nijar suke saye. Saboda haka zan kai abu biyu: kunun aya na gargajiya don dattawa, da simutin abarba da madara don a san surukin gidan ya waye. Ta ce in dai aya ce, a jiƙa ta ta kwana, a rege ta sosai, a kai inji da asuba kafin masu ƙosai, kuma kada a yi shi sai akwai ƙanƙara a hannu. Na ji ta, irin jin da miji ke yi yana duba waya.

Daren jajiberi, can wajen ƙarfe biyu, aka kawo wuta. Na diro daga gado. Na fere abarba, na yanka ayaba, na dama madarar gari mai kauri, na markaɗa kashi-kashi har na cika gorunan roba. Na ɗanɗana. Jama'a, in an ce daɗi to a tsaya a nan. Na tashi uwargida ta kurɓa, ta ce da daɗi, ta koma barci. Wannan shaida ina so a riƙe ta, don za ta yi amfani nan gaba.

Sai na juya kan aya. Busasshiya ce, ban jiƙa ba, don na ga ba lokaci. Ban rege ba, don mai shago ya riga ya yi mini alkawari game da dutse. Na zuba rabin kwano. Bilenda ta yi ƙara irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, ta yi ƙas-ƙas-ƙas, wani abu ya ce ƙwas, sai warin roba mai ƙonewa ya cika ɗakin. Wutar ma, kamar ta ga abin da ta zo gani, ta ɗauke.

Sauran ayar na jiƙa ta zuwa safe, na aiki Auta inji. Yaro ya tsaya kallon ƙwallo, ya isa bayan mai ƙosai ta gama markaɗa wakenta da attaruhu da albasa. Mai inji kuma ba ya wanke inji don ayar mutum ɗaya. Da na tace na kurɓa, sai na ji kunun yana gaishe ni a maƙogwaro. Na ƙara dabino, na ƙara kwakwa, na fasa mazarƙwaila na narka a ciki. Yajin bai tafi ba, ya dai sami abokan zama. Na ce ba komai, a ce citta ce.

Ƙanƙara fa? Nan ne abin takaici. Garin da ke da Dam ɗin Challawa tun 1992, ruwa iya ganinka, ga kuma na Kusalla, amma a tsakiyar bazara ka zagaye shi kana neman ruwan da ya daskare ka rasa. Masu firiji duk labari ɗaya: ba wuta. Na ɗura kunun a jarka, na murɗe murfin tam don kada ya zube, na ɗaure ta a bayan babur tare da gorunan simuti, na rufa musu buhu. Uwargida da yara sun riga sun tafi a mota. Na kama hanyar Rogo rana na tsakiyar ka.

Wanda bai san gidan surukai a ƙasar nan ba, bari in gaya masa. Tun daga nesa kake tuɓe takalmi. Ka tsuguna ka gai da Baba kanka a ƙasa, shi ma yana amsawa yana kallon wani wajen. Ba ka ci a gabansa, ba ka ɗaga murya, ko tari ya zo maka sai ka haɗiye. A irin wannan wuri ne, bayan la'asar, an yi karatu an yi addu'a, dattawa sun jeru a kan tabarmi a ƙofar gida, aka ce a kawo abin shan Malam.

Ƙanin uwargida, wani wanda ba mai saukar ba, shaƙiyyin gidan, shi ya kinkimo jarkar. Ya ce, "Yaya, jarkar nan taka ciki gare ta?" Na duba, ta kumbura ta yi tim, gindinta ma ba ya zama a ƙasa. Kunun aya ba ya jure zafi. In ba sanyi, 'yan sa'o'i kaɗan ya fara tsami yana tara iska, balle wanda aka cika wa zaƙi aka gasa a bayan babur. Na buɗe baki in ce a bi a hankali, amma suruki ba ya ɗaga murya. Yaron ya murɗa.

Ta yi tsaki mai tsawo, sannan ta yi aman kumfa. Kawun uwargida, wani dattijo manomin rake da ke zaune a gaba, shi ya tare wa sauran jama'a da babbar rigarsa. Wurin ya ɗauki warin tsami da albasa. Liman ya matsa da buzunsa baya ba tare da ya katse tasbihi ba. Daga cikin zaure kakar uwargida, wadda ke kirana angonta, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Kai angon nan nawa, giya ka kawo mana walimar Alƙur'ani?"

Aka janye jarka. Na ce a raina, saura simuti, shi zai wanke ni. Da hannuna na zuba a kofi, na miƙa wa yaron ya kai wa Baba. Ya yi ɗan kauri, ya ɗan tsinke, amma kalarsa na nan.

Baba ya yi bisimilla ya kurɓa. Na ga gemunsa ya tsaya cak. Ya rufe ido, ya haɗiye, ya daɗe bai buɗe ba. Sannan, saboda kara irin ta mutanen da, ya sake kurɓa.

"Madalla," in ji shi. "Allah Ya yi albarka."

Na faki ido na ɗanɗana ragowar da ke gorar. Ɗaci kamar an jiƙa saƙesaƙin maɗaci. Abin da na sha da daddare mai daɗi, wanda ke da shaida, shi ne ya koma haka. Na fara lissafin ta inda zan bi in kai ga babur ba tare da na ratsa gaban dattawa ba.

Sai Kawu, yana ta goge riga, ya miƙo hannu. Ya kurɓa, ya yamutse fuska, ya gyaɗa kai.

"Yawwa. Wannan na shawara ne ko na basir?"

Ban ce komai ba, don ba a yi wa babba musu.

"Ai daga ji ka san an haɗa shi da gaske. Yaran yanzu komai sai zaƙi. Ƙaro mini."

Kafin magariba gorunan nan sun ƙare tas. Tsofaffi na sha suna runtse ido suna sa mini albarka. Wani ya ce tun a kofin farko ya ji bayansa ya saki. Wani ya ɗura a 'yar kwalba zai kai wa ɗan'uwansa a Zarewa. Jama'ar walima kuwa zoɓo da lamurje suka sha, masu sanyi, don ashe uwargida tun da ta iso ta sa an ɗora tukunya, ta aika an nemo ƙanƙara, ba ta gaya mini ba.

Karaye da Rogo ba a ɓoye wa juna labari. Ko dokar masarautu ta 2024 su biyun ta bari a masarauta ɗaya. Ranar Litinin ina shiga ofishin malamai aka tashi ana mini "sannu da zuwa, mai magani." Malamin kimiyyarmu, bayan ya gama dariya har da hawaye, shi ya warware mini. Ya ce ɗanyar abarba na da wani sinadari, buromelin, mai sassare furotin. Shi ke sa ta tsatstsafa maka harshe, shi ke sa nama ya yi laushi in an jiƙa shi a ruwanta. In ya haɗu da madara sai ya hau aikinsa, yana farfasa ta, gutsattsarin da ke fita kuma ɗaci ne da su. In ka sha nan take lafiya lau. In ya kwana, balle a zafi, sai abin da Baba ya haɗiye. Gwanda ma haka take. Maganin abin, in ji shi, a tafasa abarbar tukuna, zafi na kashe sinadarin.

Na kai bilenda wurin mai gyaran fanka ya canja mata abin da ya karye. Na jira wuta, na tafasa abarba ta huce, na markaɗa da madara, na samo ƙanƙara da kyar na jera a kula. Wannan karon abin ya fito yadda na gani a waya. Na aika wa Kawu gora guda ta hannun shaƙiyyin yaron nan, don a san ainihin abin da na yi niyya.

Washegari sai ga shi ya dawo da gorar, ko kwata ba a sha ba.

"Yaya, Kawu ya ce a gaishe ka. Ya ce wannan na yara ne, ka zare maganin. Wai in kuɗi ne ka faɗa, shi irin na ranar walima yake so. Kuma mutumin Zarewa ma ya aiko."

Na juya na kalli uwargida. Tana tankaɗe, ta ce, "To mene ne abin wahala, Malam? Ka yi irin naka, ka bar shi ya kwana."