Sigarin Caji a Hanyar Kwangila

Tun 2015 dokar Najeriya ta hana busa taba a motar haya, amma samarin Samaru sun ce sigarinsu na lantarki ne, kamar dai nikotin yana tsoron batir.

A Keke Napep mai zuwa Sabon Gari, wani ya zaro nasa, siriri kamar biro, ya zuƙa ya fesar. Ƙamshin mangwaro ya turnuƙe keken. Yaron da ke cinyar uwarsa ya miƙa hannu: "Yaya, sam min alawar."

"Ɗan nan, ba ka ganin yara?" in ji wata dattijuwa.

"Hajiya, tururi ne kawai. Caji ma ake yi masa."

"To Allah ya sa a ɗauke wuta mako guda."

Mai keke ya waiwayo: "Hajiya, a unguwarmu addu'arki ta daɗe da karɓuwa."