Sallar Taro a Hawa na Uku

Mutanen Holan ba sa son barin fili tsakanin kalmomi. In za su ce inshorar wanda ciwo ya hana aiki, sai su ɗinke abin wuri ɗaya: arbeidsongeschiktheidsverzekering, haruffa 33 ba wurin numfasawa. Malamar da ke koya mana Holanci a Amsterdam ta ce abin ba wuya: ka nemo inda aka yi ɗinkin, ka tsaga, ka ɗora nauyin murya a kan kalmar farko. Na riƙe wannan gam.

Ana cikin azumi sai na ga wata ƴar takarda a allon sanarwa na kanti: "Massagebed. Gratis. Zaterdag." Gebed na san ta, salla ce, kullum ina ganinta a jadawalin masallaci. Massa kuwa taro. MAS-sa-gebed, sallar taro, ranar Asabar, kuma kyauta, ko da yake ban taɓa jin inda ake biyan kuɗin salla ba. Na kira wani abokina ɗan Maraɗi da wani Bazazzagi, na ce su yi alwala tun daga gida.

Muka sha manyan riguna, kowa da darduma a hammata. Adireshin ya kai mu wani siririn gida mai matattakala a miƙe kamar tsanin hawa rumbu. Ɗan Maraɗi ya ce, "Malam, taron nan a ina za su zauna?" Na ce ya bari, Turawa sun iya tattalin wuri.

Wata tsohuwa ta buɗe ƙofa. Na gaishe ta, na faɗi kalmar da ƙarfi, har da kankare maƙogwaro a kan "g" ɗin. Ta dubi hulunanmu, ta dubi darduma, sai fuskarta ta washe: "Mas-SA-zhe-bed!" Ɗinkin yana bayan massage ne, "g" ɗin ma irin ta Faransanci ce, mai laushi. Gadon tausa ne na marigayi mijinta, ga shi can da rami a wurin sa fuska. Ta yi murna ƙwarai da na zo da majiya ƙarfi, har da shimfiɗun da za a naɗe shi kada ya karce bango.

Wa zai iya ce wa tsohuwa a'a? Gidajen nan suna da ƙugiya a can ƙololuwa don jan kaya ta taga, amma babu mai igiya a cikinmu. Haka muka sauko da gadon a kafaɗa, da azumi a baki, hannun rigata na maƙalewa a kowace kwana, Bazazzagi na cewa, "Liman, a ja mu a hankali."

Direban taragon titi ya hana mu shiga da shi. Da ƙafa muka kai gida, ɗan Maraɗi na neman a ɗora shi a kan gadon tunda shi ne babba.