Tazuge a Cikin Dalar Fir'auna

Ɗaliban da suka dawo daga Masar a shirin musayar ɗalibai har yanzu ba su gama dariya ba, shugaban tawagarsu kuwa ya daina ɗaga waya. An kai su Masallacin Azhar da aka fara ginawa a shekarar 970, an kai su ganuwar Salahuddin, an kai su kasuwar Khan Khalili inda guzurin kowa ya ƙare a turare da carbi. Ba mai tambayar wannan. Labarin Giza ake so.

Ranar zuwa Giza, inda dalar Fir'auna take, kowa ya sa ƙananan kaya, ban da shugaba. Shi babbar riga ya zuba, shadda ta sha bugu, ga hula zanna, wai hoton da za a kai gida ne. Da aka ce masa shiga cikin dalar sai mai juriya, ya ce shi da ya tashi yana hawa Dutsen Dala ba a yi ginin da zai razana shi ba.

Daga waje dalar Fir'auna Khufu ta isa a sa mata babbar riga. Tsayinta ya kai mita 146 lokacin da aka gama ta, shekaru wajen 4,500 da suka wuce, duwatsunta kuma an ƙiyasta sun haura miliyan 2. Sai dai wanda ya tsara cikinta bai yi shawara da masu shadda ba. Ana shiga ne ta wata kafa da ake cewa mutanen Halifa Ma'amun suka fasa a ƙarni na 9, daga nan a tarar da wani lungu da ya miƙe sama, tsawonsa kusan mita 40, faɗinsa da tsayinsa kowanne mita ɗaya da 'yan kai. Ba halin miƙewa. A duƙe ake tafiya kan katako, mai hawa da mai sauka duk hanya ɗaya, ga zufa.

Shugaba ya naɗe rigar ya ɗora a kafaɗu, ya tattare 'yar ciki ya riƙe da haƙori, ya shige gaba kamar yadda muƙaminsa ya tanada. Ana tsakiyar lungun, ya ɗaga ƙafa zai taka, sai aka ji ɗas.

Tazuge ne ya tsinke.

Duk wanda ya san ɗinkin telan Kano ya san ƙugun wandon babbar riga zai ɗauki mutum uku, tazuge ne kawai yake rufa asiri. Wandon bai faɗi gaba ɗaya ba, da ma haka ya yi an huta. A hankali ya riƙa sulalewa, ya tsaya a gwiwa ya ɗan yi tunani, sannan ya gangara idon sawu ya yi wa mai shi dabaibayi irin na jakin da aka kai kiwo. Hannu ɗaya yana kan abin riƙewa, ɗaya yana tallafe da rigar da ke zamewa, baki cike da 'yar ciki. Hular ta daki rufin dutse, ta faɗi, ta mirgina ta bi ta tsakanin ƙafafun jama'a. A bayansa kuma, da tazarar da ba ta kai kamu biyu ba, fuskar wata dattijuwa Baturiya ce, da fitila a goshinta.

Ita dai ta kyauta, ta kashe fitilar. Na bayanta da bai san abin da ke faruwa ba ya kunna tasa.

Layi ya tsaya cak, na sama suna son sauka, na ƙasa suna tura na gabansu. Nan mashawarta suka fito. Wani ya ɗaga murya daga can ƙasa: "Shugaba, ka miƙe tsaye ka gyara mana!" Shugaba ya gwada, dutsen Fir'auna ya ba shi amsa a tsakar ka. Wani ya ce, "Yallaɓai, gobe ka sa bel." Mai gadi daga bakin lungu, da ba ya hango komai, sai maimaita "ma'alesh, ma'alesh" yake yi, wato a yi haƙuri. Amma gwanin duka shi ne wani ɗalibin tarihi, wanda tun Kano yake jiran ranar da karatunsa zai yi amfani. Ya gyara murya a duƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka damu. Ai waɗanda suka gina wurin nan ma ba sa sa wando, ɗan zane suke ɗaurawa. Ka ga ke nan shigar da ta dace ka yi." Ya so ya kawo hujja da zanen jikin kaburbura, aka roƙe shi ya bari sai an fita.

Daga ƙarshe wayar caja aka miƙo hannu zuwa hannu, shugaba ya ɗaure ƙugu da ita. Haka ya ratsa wani dogon zaure mai tsayin fiye da mita 8, ya isa ɗakin sarki, inda ba komai sai akwatin dutse marar murfi, ba Fir'auna ba dukiya. Hoto dai ba a yi ba.

Mota ba ta gama fita daga Giza ba mai cajar ya leƙo ta bayan kujera, cikin ladabi: "Shugaba, don Allah ko ka gama da ita? Wayata saura kashi huɗu."