Jarumi a Waya, Ɗan Aike a Gida

Wani sabon ilimi ya shigo Gusau, kuma ba ta ƙofar Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 ya biyo ba. Ba shi da aji, ba a ba da takardar shaida, amma ɗalibansa sun fi na kowace tsangaya naci. Ana ɗaukar darasinsa a bakin shagon mai caji a Tudun Wada, a kan benci a Sabon Gari, a gindin darbejiya a Samaru, da ɗakunan samari tun daga Tsafe har Bungudu. Ilimin haɗa jarumi ke nan: mutum ya zauna ya tsara ɗan tahalikin da ke wakiltarsa a cikin gem, ya zaɓa masa baiwa da makami da sutura, har da dabbar da za ta riƙa take masa baya.

A ƙasashen da ba a ɗauke wuta, abin ya kwana biyu. Tun 2004 masu buga World of Warcraft ke musu a kan baiwar da ta dace da mayaƙi da wadda ta dace da mai warkar da 'yan'uwa a fagen fama. Genshin Impact, wanda ya fito daga ƙasar Sin a 2020, shi ma sai an haɗa jarumai huɗu, kowanne da kayan ƙarfinsa guda biyar. Sai dai waɗannan manyan baƙi ne masu wuyar sauka. Na farko yana son kwamfuta da kuɗin wata-wata, na biyu kuwa in ya shiga waya sai hotunan biki da karatun malamai sun tashi sun ba shi wuri.

Baƙon da ya san halin talaka shi ne Free Fire, na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya fito a 2017. Ƙaramar Tecno ko Infinix tana ɗaukarsa, ko da kuwa tana nishi. Ana jefa mutum 50 a tsibiri, a yi ta kashe-kashe na kamar minti goma, wanda ya rage shi ne gwani. A 2021 aka ƙirga cewa an sauke shi sau biliyan 1 a rumbun Google Play. Masu ɗan hali kuma suna buga PUBG Mobile na 2018, inda ake zuba mutum 100, ko Call of Duty Mobile da ya zo a Oktoban 2019. Nan ma an samu talaka da basarake. Mai PUBG yana kallon mai Free Fire a matsayin yaro, mai Call of Duty yana kallon su biyun da tausayi, alhali dukansu a soket ɗaya suka jona wayoyinsu, kuma mai shagon yana bin kowa bashin caji.

Ga yadda karatun yake. A Free Fire kowane jarumi yana da gurabe huɗu na baiwa: ɗaya wadda ake dannawa ta yi aiki, uku masu aiki da kansu. Alok, wanda aka ƙera da siffar wani makaɗin Burazil, yana ƙara wa mutum gudu ya kuma mayar masa da jinin da ya zuba. Kelly gudu ne sana'arta. Moco tana sa wa abokin gaba alama da zarar harsashi ya taɓa shi, Hayato kuwa harbinsa na ƙara huda sulke gwargwadon yadda jininsa ke raguwa. Wanne za a haɗa da wanne? A kan wannan tambaya ake raba dare. Yaron da malamin lissafi ya yi shekara uku yana fama da shi a kan kashi cikin ɗari, yau shi ne ke bayanin cewa in aka ƙara kashi kaza na gudu a kan kashi kaza na sulke, ribar ta fi a sa mai warkarwa. Bai taɓa buɗe ƙamus don jarrabawar WAEC ba, amma ya san ma'anar kowace kalmar Turanci da aka rubuta a ƙarƙashin hoton Hayato.

Duk wanda ya tashi a Zamfara ya san wannan harka tun kafin a ƙera waya. Ƙasar 'yan dambe ce da 'yan tauri, ƙasar Shago da Ɗan Anace ya yi wa waƙa. Ɗan dambe ba ya shiga fage haka siddan, sai ya ɗaura kambu, ya rataya laya, ya yi guru, kowanne da aikinsa: wannan na sagau, wancan na kau-da-bara. Haɗin jarumin gem lakani ne sak, kuma ladubban neman lakani duk sun biyo shi. Mai nema yakan fara da gaisuwa mai tsawo. Yakan sayo wa gwani ruwan leda mai sanyi, ya riƙe masa waya yayin da yake cin awara. Sai can ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, don Allah a taimaka mini da saitin nan na harbin kai." Gwani ya yi shiru, ya dubi sama, ya ce abin ba na kowa ba ne. Daga baya ya tura masa hoton allon wayarsa, da baiwa uku a fili, ta huɗun kuma yatsa ya rufe ta.

In lakanin bai ci ba, laifin ba ya taɓa zama na malamin. Ko dai almajirin ya karya sharaɗi, ya taɓa lambobin saurin juyawa da aka ce kada ya taɓa, ko kuma wayarsa ce ba ta da ƙarfi. Shi ma almajirin ba ya yarda an fi shi iyawa. A tarihin gem a Gusau da kewaye, ba a taɓa kashe kowa don rashin ƙwarewa ba. Da an harbe shi za ka ji ya buga cinya: "Wallahi ba laihina na ba, sabis na!" Wani lokacin ma gaskiya yake faɗa. Akwai 'yar lamba a kusurwar allo mai nuna jinkirin saƙo tsakanin waya da uwar na'ura. In tana kore, lafiya lau. In ta yi ja ta kai 999, jarumin da aka kashe wa dare uku ana haɗawa sai ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar fili, wani yaro daga wata ƙasa ya zo a natse ya kwashe masa kaya.

Kamfanonin kuma sun san inda ke yi wa samari ƙaiƙayi. A Disamban 2020 Garena ta fito da Chrono, jarumi mai siffar Cristiano Ronaldo, wanda ke kafa wata garkuwa da harsashi ba ya ketawa. Abin nema ya samu. Magoya bayan Ronaldo suka ruga, magoya bayan Messi suka yi kwanaki suna jan aji, sannan suka saya a ɓoye. Da kowa ya mallaka, sai kamfanin ya bi garkuwar yana rage mata ƙarfi a sabuntawa bayan sabuntawa. Haka tsarin yake: lakanin da ya yi tashe da azumi, kafin babbar salla ya zama tarihi, sai a koma wurin gwani da sabon ruwan leda.

Sai maganar sutura, wadda ita ce ke cin kuɗi. Kuɗin cikin Free Fire dayamon ne, na PUBG ana ce musu UC, na Call of Duty kuma CP, amma duk da naira ake sayen su, nairar da ke fita ta hannun mai POS. Riga mai walƙiya ba ta tare harsashi ko ɗaya. Amfaninta kawai a gan ka. Saurayin da ke da shadda ɗaya tal, wadda ke zuwa Juma'a da ɗaurin aure da zance, jaruminsa yana da kayan sawa da za su cika akwatin lefe. Shi silifas ɗinsa an ɗinke da waya, jaruminsa na taka takalmi mai fitar da wuta. Sunaye kuwa sai ka rantse ana shirin yaƙin Alkalawa: wannan Ajalin Maza, wancan Dodon Dare, kowanne da kambin sarauta da fukafukai a gefen haruffa. Dodon Dare ɗin nan shi ne wanda ba ya iya fita fitsari tsakar gida in an ɗauke wuta sai ya tayar da ƙanensa.

Masu ƙwallo ma ba a bar su a baya ba. Tun da Konami ya sauya wa PES suna zuwa eFootball a 2021, aka shiga raba wa 'yan wasa maki: nawa za a zuba a gudu, nawa a bugu, nawa a yanka. A gidan gem dokar ba ta sauya ba tun zamanin PlayStation 2, wanda aka ci shi ke biya, kuma wanda aka ci kullum hannun da aka ba shi ne maɓallinsa ya lalace.

Amma haɗin da ke ba da nasara a Zamfara ba a cikin gem yake ba. Shi ma gurabe huɗu gare shi, kuma babu gwanin da ya taɓa cika su a lokaci guda. Na farko caji. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, janareton mai caji ya koyi tsada, kuma a Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki, jarumai da yawa a aljihu suka yi jinya. Na biyu data, wadda ta ƙara nauyi bayan hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Shi ya sa wanda ya sauke sabon gem yakan zama mai unguwa na yini guda, ana layi a karɓa ta manhajar Xender. Na uku sabis, wanda a Tsafe da Bungudu kowane saurayi ya san kusurwar katangar da yake sauka. Zafin Afrilu ma yana da nasa rabon, don waya kan yi zafin da sai an cire mata riga an jingina ta da randa.

Gurbi na huɗu shi ne Inna. Gem ɗin intanet ba a dakatar da shi, kuma babu uwar da ta taɓa karɓar wannan bayani. Saura mutum uku a tsibiri, da'irar fagen wasa na matsewa, zuciya na dukan uku-uku, sai murya ta taso daga madafa: "Kai wane, zo ka kai niƙa!" Ya ce, "Inna, minti biyu, ba a tsayar da shi." Ta ce ita ma tukunyarta ba a tsayar da ita. Ajalin Maza ya ajiye waya ya ɗauki bokitin gero.

An taɓa gwada rayuwa babu gurbi na uku gaba ɗaya. A farkon Satumban 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Dalilin ba abin dariya ba ne, kuma mutanen ƙauyukan Tsafe da Bungudu, da masu bin hanyar Funtua, sun san ƙarar bindigar da ba ta waya ba. 'Yan kasuwa da masu ciwo da masu 'yan'uwa a nesa su suka fi shan wuya. Amma a gefe guda, jarumai sun yi zaman dole. Aka kakkaɓe allon lido, aka nemo karta, wasu har suka tsuguna gefen dattawa suna koyon dara, inda aka yi musu cin kaca babu sabis ɗin da za a ɗora wa laifi. A ranar 1 ga Oktoba aka maido da layi a Gusau, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da jira. A makonnin nan, saurayin Bungudu da ya ce zai shiga Gusau gaishe da gwaggonsa, gwaggon ba ta cika ganin sa ba.

Dattawa na faɗa, kuma suna da hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019. Samari kuma sun tanadi amsa mai rufe baki: ai a Saudiyya ma ana yi. Gaskiya ne, a 2024 an yi gasar duniya ta wasannin gem a Riyad, da kyaututtukan da suka haura dala miliyan 60, kuma Free Fire da PUBG Mobile na cikin wasannin da aka fafata. Abin da ba a faɗa wa Baba shi ne waɗanda suka je Riyad ba da wayar aro suka yi atisaye ba. Shi ma Baban, in ya gama faɗan, yakan gyara zama a majalisa ya buɗe tasa wayar, ya saurari muryoyin 'yan siyasa na awa biyu, ya tura wa mutum arba'in labarin da bai tabbatar ba, sannan ya kira yaron nan dai ya zo ya duba masa abin da ya cinye masa data.

A cikin abubuwan da ke iya ɗauke saurayi a wannan jiha, zama kan benci ana musun Alok da Chrono yana cikin masu sauƙi, kuma iyaye da yawa sun fi son su leƙo su gan shi a ƙofar gida. Illarsa tana ga barci da karatu da aljihu, musamman aljihun wani. Don haka mai karatu, in ƙanenka ya zo da ladabin da ba ka saba gani ba, ya ce ka ara masa waya zai duba sakamakon jarrabawa, ka ba shi. Amma kada ya ga lambobin sirrin bankinka, kuma ka karɓi abarka kafin la'asar.