Ranar da Faifan Zartona Ya Shiga Gari

Shekara goma sha tara ina aikin kafinta a Kano. Na yi wa mutane kanta, na yi kabad, gadajen amare kuwa ban san adadinsu ba. Amma kayan aikina ni kaina ba su da wurin kwana. Faya-fayan zartona, waɗanda mu a shago muke kira biledi, guda bakwai ne, kuma dukkansu a cikin wani tsohon kwalin taliya suke zaune a ƙarƙashin benci, ɗaya kan ɗaya, kamar gurasa a kan tire.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce ai ƙarfe ne, me zai same shi? To, a bakin kowane haƙori akwai ɗan guntun ƙarfe da ake kira kabaid, wanda aka liƙa da wuta. Shi ne ke cin maɗaci da kirya ba ya gajiya. Sai dai halinsa irin na tangaran ne, ga tauri, babu haƙuri. Haƙori ya daki haƙori, sai ya ɓantare. Faifan da ke juyawa wajen sau 4,000 a minti ɗaya kuwa, in yana da giɓi, yagar katako yake yi maimakon yanka, kuma haƙorin da ya yi rauni yana iya tashi ya nemi idon mutum. Kowanne da aikinsa: mai haƙora 24 na tsaga katako a tsawonsa, mai 40 na kowa-da-kowa, mai 80 na filawud da aikin da ake so ya fita sumul. Ƙananan masu inci bakwai da kwata na injin hannu ne, masu inci 10 da 12 na injin tebur.

Abu biyu suka tayar da ni a mako guda. Ran Litinin yaron shagona ya zura hannu cikin kwalin zai ɗauko mai 40, mai 24 ya gaishe shi a ɗan yatsa. Ran Laraba na kai guda uku wurin mai wasa musu baki, kusa da 'Yan Katako a Na'ibawa. Ya ɗaga ɗaya ya duba a rana, ya bi haƙoran da farce yana ƙirgawa, sannan ya dube ni ya ce, "Oga, wannan ai ya fi kakata giɓi. A turmi kake ajiye su?"

Maganar ta tsaya mini a rai. Da dare ina kwance ina latsa waya, sai ga bidiyon wani Bature a Amurka yana nuna shagonsa. Bangon nan tas, faya-fayai a rataye suna ƙyalli, babba na bin babba, ƙarami na bin ƙarami, sai ka ce jeren amaryar da iyayenta suka yi rawar gani. Na miƙa wa uwargida wayar na ce, "Kin ga yadda shagona zai koma." Ta kalla, ta ce, "Allah ya sa. In ka gama, ƙofar kicin ɗin nan shekararta biyu tana jiranka." Na yi kamar barci ya ɗauke ni.

Da farko gajeriyar hanya na bi. Na kafa ƙusa mai inci shida a bango, na zura duka bakwai a jikinta kamar tsire. Kwana biyu suka ishe ni in gane cewa duk faifan da nake nema shi ne na can ƙurya, sai na sauke shida kafin in kai gare shi. Ga haƙoran har yanzu suna cizon juna, ga ƙusar ta fara sunkuyar da kai kamar wadda aka yi wa faɗa. Na ce a'a, aikin nan na gwani ne, ba na ƙusa ɗaya ba.

Na ajiye ƙofar wani bawan Allah da ya riga ya ba da kafin alƙalami, na yanko filawud mai kauri, na goge shi, na zagaye gefensa da ado, na kafa fegi bakwai na katako, kowane faifai da nasa. Har lamba na rubuta a ƙarƙashin kowanne da fenti ja. Fegin nan na kafa su a miƙe sak, domin a idona sun fi kyau a haka. Yaron yana riƙe mini da allon, yatsansa a naɗe da tsumma, ya ce, "Oga, da an ɗan ɗaga musu kai sama, kada su zame."

Na ce, "Tsakanin ni da kai, wa ke koyon aiki?"

Ya ce, "Ni ne, Oga."

"To riƙe allo."

Saura kafawa. Bangon da na zaɓa shi ne wanda ya raba ni da maƙwabcina tela, domin shi ke kallon ƙofa, duk wanda ya shigo zai gani. Na ɗaura wa injin huda dogon baki, na dafa, na danna. Da farko bangon ya ɗan yi gardama, can sai na ji ya saki. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ƙara jingina da ƙirji, ina cewa a raina yau aiki na gudu. Sai na ji injin ya yi nauyi, yana wani gurnani kamar ya kama abu. A daidai lokacin salati ya tashi daga ɗaya gefen.

Ashe bulon mai inci shida ne, cikinsa rami, fatarsa ba ta fi inci ɗaya ba. Bakin injin ya ratsa fata ta farko, ya wuce ramin, ya fasa ta biyu, ya shiga babbar rigar wani Alhaji da ke rataye a bangon tela, ya kama ta yana naɗewa kamar mai murɗa taliya. Shadda ce fara ƙal, an gama mata aiki, kuma saura kwana goma Sallah.

Na zagaya da gudu. Tela yana tsaye da almakashi a hannu, yana kallon rigar da ta dunƙule a bango kamar rawani. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Malam kafinta, katakon ne ya ƙare a kasuwa, ka dawo ɗinki?" Muka warware rigar a hankali, muka sami huda guda a kafaɗa, da baƙin mai kewaye da ita. Aka yi sulhu a kan zan biya kuɗin wanki da zare, in kuma yi masa benci kyauta. Shi kuma ya rufe hudar da wani fure na aiki, ya yi irinsa a ɗaya kafaɗar don su yi daidai. Na ji daga baya Alhajin ya yaba da sabon salon.

Tsoro ya sa na koma ɗaya ƙarshen. Sauran ramukan ban bari bakin injin ya wuce inci ɗaya ba. Na tura fisha, wato 'yar robar nan da sukuru ke kamawa, na ga tana shiga babu gardama, yashi na zubowa kamar ana tankaɗe. Irin bulon nan ne da aka nuna wa siminti daga nesa. Zuciyata ta ce a sake tunani, girman kai ya ce sukuru huɗu ne fa. Na ɗaure allo, na jera faya-fayai, manyan a sama don su fi fitowa a hoto. Na ja baya na ɗauka, na ɗora a WhatsApp, na rubuta a ƙasa cewa aiki sai mai shi.

Kwana uku ina shan yabo. Ran na huɗu da hantsi babu wuta, tela yana fama da ɗinkin Sallah, ya tayar da janareta ya jingina shi da bangonmu. Ni ma na tayar da nawa. Bango ya ɗauki rawa. Faya-fayan nan, da yake fegin a miƙe suke, suka fara matsowa gaba kaɗan-kaɗan kamar masu layin mai. Yaron ne ya fara gani, ya ce, "Oga!" Kafin in waiga, sukuru biyun sama suka fito da fisharsu da ɗan rabonsu na filasta, allon ya sunkuya kamar mai gaida sarki.

Ƙarar da ta tashi, sai ka ce an kifar da kwandon kwanuka a gidan biki. Shida suka zube a ƙasa. Na bakwai, mai inci 12, wanda ya fi kowa tsada, ya dira a kan haƙoransa, ya yi tsalle ɗaya, ya tsallake dokin ƙofa, ya fita. Layinmu kuwa gangare ne.

Na bi shi da takalmi ƙafa ɗaya, yaron na biye da ni, ina ihu, "A kauce! A kauce!" A Kano in aka ga babba na gudu yana ihu, ba a tsayawa tambaya. Kafin mu kai bakin masallaci mun zama mutum goma sha, wani da gora, wani da bulala, ana tambayar juna, "Ina ɓarawon?" Faifan yana gaba yana ƙyalli, yana tafe a kan haƙoransa kamar gare-garen yara. Akuyar da ke kwance a tsakiyar hanya ta tashi ba shiri. Mai shayi ya ɗage ƙafafu biyu sama, ludayi a hannu. Wani mai a-daidaita-sahu ya karkace ya leƙo yana cewa, "Wane ne ya saki wannan babu direba?" Faifan ya goga jikin jakar fiya-wata da ke jibge a ƙofar wani shago, ruwa ya yi tsartuwa, sannan ya karya kwana da kansa ya faɗa kwata.

Taron ya tsayar da ni. Sai da na rantse babu ɓarawo, na biya kuɗin ruwan da ya fashe, na ba mai akuya haƙuri, duk da akuyar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Da na isa bakin kwatar, babu faifai babu dalilinsa. Can na hango wani ɗan jari-bola yana tafiya abinsa, buhu a kafaɗa, mayen ƙarfe a hannu, haƙoran faifaina sun leƙo ta jikin buhun.

Na ce, "Samari, wannan nawa ne."

Ya ce, "Baba, a kwata na tsinta."

"Yanzun nan ya shiga."

"To Baba, ni ma yanzun nan na fito da shi."

Na duba hannunsa da ya yi baƙi har gwiwa, na duba kwatar, na san ba ni da ta cewa. Muka yi ciniki, na sayi kayana da kuɗina. Yana lissafa canjin ya ce, "Baba, in akwai sauran irinsa, gobe ma ta nan zan biyo."

Labari ya riga ni isa ko'ina. Bayan la'asar sai ga maigidana da ya koya mini aiki, tsoho da sandarsa. Bai tambaye ni komai ba. Ya je ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya yi ƙara kamar ganga. Ya matsa kusurwa inda fila take, ya ƙwanƙwasa, shiru, sai yatsansa ya ji. Ya ce, "Kafin ka ɗora masa kaya, ka tambaye shi ko zai iya?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, a waya na gani."

Ya ce, "Wayar ta nuna maka cikin bangon?"

Daga baya na sake kallon bidiyon a natse. Ashe gidajensu a can galibi da katako ake tayar da bango, akwai ginshiƙi a ɓoye kusan kowane inci 16, kuma kafin Baturen ya ɗaura komai sai da ya lalubo ginshiƙin ya kafa sukuru a ciki. Ni wannan wurin na tsallake, don na matsu in ga ƙyalli.

Abin da tsoho ya sa muka yi bai kai awa ɗaya ba. Muka kafa katako tu-bai-fo a jikin fila, inda kankare yake da gaske. Muka kafa fegi a karkace, kansu na kallon sama, yadda ko bango zai yi rawar kalangu faifai baya zai koma, ba gaba ba. Fegin ya zama siriri, domin ramin tsakiyar faifai ba ɗaya ba ne, wani milimita 16, wani 30. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, duka ƙasa da kafaɗar mutum kuma nesa da ƙofa. In biyu za su kwana a fegi ɗaya, a yanko kwali a sa tsakani. Kafin a rataye, a goge ƙaron katako da kananzir, a shafa ɗan mai saboda tsatsar damina. Da muka zo kan karkata fegi, yaron ya dube ni, na dube shi, ya mai da kansa kan shara.

Da na zauna lissafi, garin neman gira na rasa ido: haƙora tara sun tafi, benci kyauta, kuɗin wanki, kuɗin ruwa, kuɗin fansar faifai, ga mai ƙofa da ya zo ya karɓi kafin alƙalaminsa. Allon adon kuwa bai yi asara ba. Uwargida ta karɓe shi, yana kicin, murafen tukwane bakwai sun zauna a kai cif, kowanne da lambarsa. Ƙofar kicin ɗin dai tana nan tana jira.

Saboda haka, ɗan'uwa, in za ka rataye abu mai haƙori, ka ƙwanƙwasa bango tukuna, ka ɗaga wa fegi kai, sannan ka zagaya ka ga abin da maƙwabci ya rataye a ɗaya gefen. In yaronka ya yi magana kuma, ka saurara, ko da ba za ka nuna masa ka ji ba.