Takarda Daga Niyok Zuwa Ga Taubashi Kan Jeren Mazan Amurka

Zuwa ga taubashi, ɗan Gwaggo, mai shago a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Mai wannan takarda, wanda ke zaune a unguwar Bronx ta birnin Niyok, yana sanar da cewa yana nan lafiya in ban da sanyi da kuɗin haya, yana kuma roƙon a miƙa gaisuwarsa ga Gwaggo da uwargida da amarya da yara baki ɗaya. Da yake taubashi ya daɗe yana yaɗawa a majalisa cewa wanda ya tafi Amurka ba ya ƙaruwa da komai sai tuƙin tasi da ciwon baya, an ga ya dace a rubuto masa bayani na ilimi a kan wata al'ada ta mutanen ƙasar, domin ya tabbatar ana karatu a nan, ko da kuwa a bakin danja ne.

Al'adar ita ce tara 'yan mutum-mutumin jarumai, wato wasu ƙananan mutane na roba masu tsawon inci 6 ko 7, waɗanda aka yi musu gaɓoɓi masu lanƙwasuwa a wuya da kafaɗa da gwiwa da idon sawu ta yadda za a iya tsayar da su kamar masu shirin dambe. Yara ma suna saye, amma waɗanda suka riƙe abin da gaske magidanta ne, masu gemu da furfura, cikinsu har da likitoci da lauyoyi da direbobin jirgin ƙasa. Jaruman da ake ƙera siffarsu kuwa an samo su daga mujallun zane, wato ƙananan littattafai da ke ba da labari da hotuna a jere, maganar kowane mutum tana cikin wani ɗan kumfa a saman kansa. Babbansu shi ne Superman, wanda samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka ƙirƙira, ya fara fitowa a mujallar Action Comics a 1938, suka kuma sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130, cinikin da ko ɗan koyo a Kantin Kwari ya yi irinsa sai maigida ya sallame shi a ranar. Batman ya biyo baya a 1939, attajiri ne maraya wanda ya duba dukiyarsa ya ga babu abin da ya fi dacewa da ita illa ya yi shigar jemage ya riƙa sintiri da daddare. Spider-Man ya zo a 1962, ɗan makaranta ne daga unguwar Queens wanda gizo-gizo ya ciza ya samu ikon hawan bango, sai dai bai gaji komai ba daga halin Gizo mijin Ƙoƙi, domin shi kyauta yake ceton mutane, abin da Gizo bai taɓa yi ba ko a tatsuniyar ƙarshen dare. Ya kamata a ƙara da cewa biyun farko sun shafe shekaru suna sa kamfai a kan wando, kuma babu dattijon da ya kira su ya yi musu faɗa.

Abu na farko da baƙo ke koya, wani lokaci bayan an yi masa kallon banza, shi ne ba a kiran waɗannan abubuwa 'yan tsana. A 1964 kamfanin Hasbro ya fito da wani sojan roba mai suna G.I. Joe, ya kuma lura cewa iyayen Amurka ba za su saya wa 'ya'yansu maza 'yar tsana ba, sai ya laƙaba masa wani suna mai nufin mutum-mutumi mai motsi, sunan da ya bi duk irinsu har yau. Kamfanin Mego kuma ya shigo harkar jaruman zane a 1972, da 'yan mutane masu inci 8 sanye da tufafin yadi da ake iya cirewa a mayar, wanda duk mai hankali zai ce aikin 'yar tsana ke nan, amma taubashi ya bar wannan magana a cikinsa idan Allah Ya kawo shi ƙasar.

Maganar ta kai har gaban alƙali, kuma a nan ne ɗan kasuwa zai fi jin daɗin labarin. A dokar kwastam ta Amurka ta wancan lokaci, 'yar tsana, wato abin da ke da siffar ɗan Adam, ana biya mata harajin shigowa kashi 12 cikin ɗari, abin wasan da ba siffar mutum ba kuwa, kamar dodo ko dabba, kashi 6.8. Kamfanin Toy Biz, wanda ke shigo da jaruman mujallun Marvel daga Sin, ya kai ƙara kotun cinikin ƙasa da ƙasa da ke Niyok yana mai cewa jarumansa na X-Men ba mutane ba ne. Mai shari'a Judith Barzilay ta sa aka kawo mata gomman 'yan robar, ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ga mai farata na ƙarfe da mai shuɗiyar fata, sannan a Janairun 2003 ta yanke hukunci cewa lallai ba 'yan Adam ba ne. Masoya labarin suka yi ta tsaki, domin tun 1963 labarin X-Men bai da wani jigo illa na wasu bayin Allah da aka haifa da baiwa ta daban, jama'a na tsangwamarsu, su kuma suna fafutukar a yarda cewa mutane ne kamar kowa; sai ga shi uban gidansu da kansa ya je kotu ya tsame su daga cikin 'yan Adam saboda rangwamen kashi biyar da ɗoriya.

Babban sirrin al'adar, wanda ya fi ɗaure wa baƙo kai, shi ne abin wasan ba a wasa da shi. Darajarsa tana ga kasancewarsa a rufe cikin kwalinsa na asali, bayan farar ledar nan mai tauri da aka manne a jikin kwalin, kuma ranar da aka ɓare shi rabin kuɗinsa ko fiye ya tafi. Akwai ma kamfani, AFA, wanda aikinsa ke nan: a aika masa ɗan robar, ya duba kusurwoyin kwali da hasken ledar da fentin fuska, ya ba da maki bisa ɗari, sannan ya rufe duka a cikin wani akwati mai kama da gilas, ta yadda abin da aka riga aka hana taɓawa ya sake samun katanga ta biyu. Wani maƙwabcin mai wannan takarda, ma'aikacin gidan waya ne da ya haura shekara hamsin, ya ware ɗaki guda cur domin wannan hidima a garin da hayar ɗaki ke cinye rabin albashi. Tagar ɗakin a toshe take da labule mai kauri, saboda hasken rana yana mayar da ledar ruwan ɗorawa. Akwai na'urar tsotse laima tana gurnani dare da rana. Kabad-kabad na gilas sun kewaye bango, kowanne da fitilarsa a ciki. Idan zai nuna wa baƙo ɗaya daga ciki, sai ya wanke hannu ya goge, ya ɗauko kwalin ta gefe da yatsu huɗu, ya karkata shi ga haske domin a ga babu ko ƙwarzane, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai jinya, idan kuma baƙon ya miƙa hannu sai ya ja da baya taku ɗaya yana murmushin da bai kai ciki ba. Jikansa mai shekara biyar ba ya wuce bakin ƙofa.

Taubashi zai yi dariya, amma kafin ya ƙyaƙyata ya leƙa ɗakin Gwaggo. Kwallaye da samiru da tasoshin da ke jere a kabad ɗinta tun daga ƙasa har rufi, babu wanda aka taɓa zuba wa miya, ana sauke su ne kawai a goge a mayar, yaron da ya kusance su ya sha dundu, baƙuwar da ta shigo kuma da su take auna arzikin gidan, ranar da buƙata ta taso a zari biyu a kai wa dillaliya. Abin da matan Hausa suka daɗe da sani ke nan, cewa kayan da ba a mora ba shi ne dukiya, sai dai a Amurka maza ne ke yin jeren, kuma babu wanda ya yi musu gara.

'Yan kasuwar wannan fanni sun san hannunsu, kuma mai shago a Sabon Gari zai ƙaru da su. A 1984 kamfanin Mattel ya so ya sayar da jaruman Marvel, sai aka rubuta labari sukutum mai suna Secret Wars domin kawai a samu dalilin tara su wuri ɗaya, wato an fara yanke shawarar abin da za a sayar kafin a san abin da za a ba da labarinsa. Da kamfanin Marvel ya karye a ƙarshen 1996, masu Toy Biz ne suka haɗe shi da nasu a 1998, mai ƙera robar ya zama uban gidan mai labarin, kafin Disney ta saye duka a 2009 a kan kimanin dala biliyan 4. Dabarar da ta fi kowace ita ce wadda aka shigo da ita a jerin Marvel Legends a 2005: a ɗauki wani ƙaton dodo a rarraba shi, a sa ƙafarsa a kwalin wannan jarumi, hannunsa a kwalin wancan, kansa a na uku, ta yadda mai son ya haɗa dodon dole ya sayi jarumai shida ko bakwai, har da waɗanda ko sunansu bai sani ba, kowanne a yau wajen dala 25 ko fiye. Wanda aka fara yi wa haka shi ne Galactus, dodon da abincinsa duniyoyi ne, kuma a 2021 Hasbro ta sake fito da shi mai tsawon inci 32 a kan dala 400, bisa sharaɗin sai mutum 14,000 sun yi alkawarin saye kafin a fara ƙerawa. Waɗanda suka yi layi sun ninka haka. Masu hannu da shuni kuwa suna sayen na kamfanin Hot Toys na Hong Kong, masu kimanin inci 12, waɗanda ake sassaƙa fuskarsu daidai da ta ɗan fim har da ramukan fata, ɗaya yakan haura dala 250. Masu wannan al'ada suna da taronsu na shekara, babba a San Diego tun 1970, wani a nan Niyok tun 2006, inda magidanci zai yi shigar jemage ya hau jirgin ƙasa da rana tsaka, girma ya faɗi, babu mai ko ɗaga kai.

Idan aka tambaye su dalili, amsar ba ta wuce biyu. Wasu sukan ce suna sayen abin da iyayensu suka kasa saya musu ne, ko abin da uwa ta tattara ta zubar ranar da suka tafi jami'a, kuma wannan amsa tana da ban tausayi fiye da ban dariya. Wasu kuma sukan ce jari ne, su kawo hujja da mujallar nan ta 1938, wadda aka sayar senti 10 a zamaninta, aka kuma yi gwanjon kwafi ɗaya a 2024 a kan dala miliyan 6. A ra'ayin mai wannan takarda hujjar tana da rauni, domin tsofaffin sun yi tsada ne saboda yaran wancan zamani sun yayyaga nasu, sun karya, sun zubar, 'yan kaɗan suka tsira. Yau kuwa da kowa ke ɓoye nasa a leda, babu ranar da zai yi wuya. An ga misalin haka a mujallun kansu, lokacin da aka sayar da kwafi sama da miliyan 8 na fitowar farko ta sabon X-Men a 1991, kowa ya saya ya adana yana jiran arziki, ga su nan har yau a kwandunan shaguna ana neman mai ɗauka da 'yan daloli. Batun ko mala'ikun rahama suna shiga irin ɗakin maƙwabcin nan kuwa, an bar wa limamin unguwa, wanda ake roƙon taubashi ya tambaya ba tare da ya faɗi wanda ya aiko shi ba.

Saura maganar kuɗin shara, wanda taubashi ke bi tun watan cika-ciki ya kuma aiko saƙon murya a kansa ba sau ɗaya ba, yana cewa a haɗo masa da sabuwar waya. Bayan dogon nazari an ga cewa waya tana tsufa cikin shekara biyu, don haka an ba wani ɗan Fagge mai dawowa gida ƙarshen wata saƙon abin da ya fi ta ƙarko: Black Panther, sarkin ƙasar Wakanda da babu ita a taswira, baƙar fata ɗan Afirka da ya fara fitowa a 1966, inci 6, a rufe cikin kwalinsa, babu ko lanƙwasa a kusurwa. Taubashi zai ga an rubuta ƙirar Sin ko Biyetnam a bayansa, ya ce ai irinsa ne yake sarowa a buhu yana sayar wa yara ranar sallah, amma wannan magana ce ta wanda bai yi karatu ba. Tsakanin senti 10 da dala miliyan 6 shekara 86 ce kacal, kuma taubashi mutum ne mai haƙuri, kamar yadda masu binsa bashi za su shaida. Ana roƙonsa ya nema masa wuri a kabad ɗin Gwaggo tsakanin samira da kwalla, nesa da rana da ɓera, ya gargaɗi yara, ya gargaɗi amarya, kuma don girman zumunci kada ya buɗe kwalin.

Wassalam, daga ubangidansa na Bronx.